Ramin da Ba na Kusu Ba

Mu muke ce masa tsibiri, amma baƙo in ya zo sai ya yi ta waige-waige yana neman ruwan. Ƙoramar Telwa ce ta rabu biyu a arewacin Agadez ta bar ƙasa a tsakiya, kuma ruwa ba ya zagaye wurin sai in an yi ruwan sama mai kyau a duwatsun Abzin. Sauran shekara yashi ne dama da hagu. A nan garkar maigidana take, wato lambunsa, shi Lukumanu, Allah ya yafe mini kiran suna. Rijiya ɗaya muke da ita, da raƙumi mai jan guga wanda bai taɓa yi wa kowa kallon arziki ba, da albasa, da 'yar alkama, da dabino kaɗan. Ni Salamatou, aikina shuka da cire ciyawa da faɗa da duk wanda ya taka mini fangali.

Fari ya riga ya cinye dabbobin mutane kafin sojoji su karɓi mulki. Bayan sun karɓa, manyan motoci suka riƙa shigowa da jar dawar taimako, wadda tuwonta ke tsayawa a maƙogwaro, amma muna ci muna godiya. Da aka samu ɗan yayyafi muka ce wahala ta ƙare, sai ga kusu, ɓeran daji. Ban san inda suka ɓuya duk shekarun yunwa ba. Ka shuka iri da safe, kafin gari ya sake wayewa sun tone shi. Ƙasar tsibiri ta zama rami a kan rami, har raƙumin nan namu sai da ya koyi duba inda zai sa ƙafa.

Duk da haka ba zan yi ƙarya in ce muna cikin baƙin ciki ba. Rijiyarmu ba ta ƙafe ba, akwai ɗan hatsi a randa, yarana suna gida cikin gari wajen kakarsu suna ƙiriniya. Damuwata ɗaya ce, Mariya.

Mariya Ba'abziniya ce, makiyayiya, ƙawata tun muna amare. A shekarun daɗi ita ke kawo mini cuku da man shanu, in ba ta alkama da albasa, mu zauna mu yi gulmar mazanmu har la'asar. Ranar sunan ɗiyata ta fari akuya ta jawo mini tun daga daji, da ƙafa. Tana kirana Tamidit, ƙawa ke nan a bakinsu. Fari ya kashe musu raƙuma da awaki har na ƙarshe, mijinta ya yi arewa neman aiki ba labari, ita kuma ta dawo bakin gari da tsohuwar surukarta da 'ya'yanta mata biyu. Ko a nan ma ba ta kafa bukkarta cikin sansanin da ake rabon abinci ba. Can gefe ta janye, bayan wata ƙaya, inda ba wanda zai ga abin da ke cikin tukunyarta.

Na taɓa kai mata tiyar hatsi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya mai kyau, washegari sai ga babbar ɗiyarta da tabarmar da suke kwana a kai, wai tukwici. Na gane nufinta sarai. In na sake kai hatsi, tukunyar za ta aiko mini, daga nan sai mayafinta. Na ji haushi ƙwarai, na kira ta da sunaye a zuciyata, amma na san halin mutanenta. Sun fi son yunwa ta gan su da maƙwabci ya gan su da buɗaɗɗen hannu.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da duk mai hankali ke kwance a inuwa, na hango ta a ƙarshen garkarmu ta arewa, a durƙushe, tana tonon ramin kusu da ɗan icce. Abin da matan daji ke yi ke nan in yunwa ta kai maƙura. Kusu yana tara ƙwayar ciyawa da hatsin sata a ɗakinsa, su kuma su tone su kwashe. Wannan ba roƙo ba ne, tsintuwa ce daga Allah, ba wanda zai ce ya ba ka. Na laɓe bayan dabino har ta tafi da abin da bai cika tafin hannu ba.

Washegari na sami wani tsohon rami a gindin magarya, wanda mai shi ya daɗe da ƙaura, na faɗaɗa cikinsa na zuba hatsi, na mai da ƙasa sama-sama. Da rana ta zo ta same shi. Haka muka ci gaba, ni in zuba da safe, ita ta tona da rana. In mun haɗu a kasuwa mu gaisa, in tambaye ta gida ta ce lafiya lau, komai akwai. Na ga kumatun ƙaramar ɗiyarta sun fara dawowa, raina ya yi fari tas.

Wanda bai ji daɗin lamarin ba shi ne maigidana. Kullum ya leƙa randa sai ya ga hatsi ya yi ƙasa. Ya liƙe murfin da laka, ya ɗora dutse, ya aro kyanwa daga gidan ƙanensa, a banza.

"Wanga kusu ba na banza ba ne," in ji shi. "Dutse fa na aza, Salamatou. Dutse!"

"Kusun bana da ƙarhi suke, Malam," na ce, ina tankaɗe.

Ana haka gwamnati ta ce za ta yaƙi kusu, kuma daga tsibirinmu za a fara, tunda yashi ya raba shi da gidajen mutane, ya fi sauƙin tsarewa. Malamin gona ya tara mu ƙarƙashin gawo. Mushe Hassane muke ce masa, Mushe ɗin nan Malam ke nan a Faransanci, saurayi mai natsuwa, bakinsa rabi Hausa rabi Faransanci, amma ya san aikinsa. Ya ce gobe da sassafe 'yan samariya, ƙungiyar matasa, za su bi rami-rami su zuba dawa mai guba. A kai awaki da kaji da yara cikin gari. A rufe bakin rijiyoyi. Kada a tsinki ko ganyen albasa sai an buɗe tsibirin. Kusun da ya mutu ba a taɓa shi da hannu, da shebur za a kwashe a binne cikin rami mai zurfi. Gardi, mai gadin gwamnati, zai zauna a mashigar kudu, wanda ya ƙetare ba izini ya kuka da kansa. Mai shela zai zaga gari da sansani da ganga.

Sai ya kwance bakin buhu ya nuna mana dawar. An rina ta da ja, wai don kowa ya gane haɗari ce.

"Mushe," na ce, "wagga ai dawar taimako ce sak. Ita muke ci tun bara. Wanda ke jin yunwa in ya ga ja, abinci ya gani."

Ya ɗebo kaɗan a cokali ya duba.

"Gaskiyarki, Madam. Waɗanda sunka rina ta ba su ci tuwon taimako ba. Shi ya sa ba mu dogara da launi, sai da shela da gardi. Attention, jama'a, ku hwaɗa ma kowa, ja ko ba ja ba, abin da ke cikin rami ba a ci."

"Kowane rami za a zuba ma?"

"Kowane. In munka bar guda, aikin ya tashi banza."

Na dawo bukkar garka ina lissafi. Shela ba ta kaiwa bayan ƙayar Mariya. Gardi yana kudu, ita ta arewa take shigowa, a lokacin da shi ma zai kasance ya ja hula kan ido. Ko da ta ji an hana shiga, sojoji kullum cikin hana wani abu suke, mai yunwa ba ya tsayawa ya tantance. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ni da hannuna na koya mata cewa ramin tsibiri alheri ne. Gobe za ta tona gindin magarya ta tarar da jar dawa, ta kai gida ta daka wa tsohuwa da yara.

In aika wani ya gaya mata, na tona mata asiri wajen mutum na uku. In je da kaina, ta san na gan ta durƙushe tana tonon ramin kusu, kuma ta san abin da take ci sadakata ce. Na san Mariya. Za ta iya tattara bukkarta ta shiga daji ba ko sallama.

Maigidana ya shigo ya same ni zaune na zuba tagumi. Ban yi wata kwana-kwana ba, na gaya masa komai, tun daga tabarma har zuwa gindin magarya. Ya daɗe yana kallona, ya kalli randa da dutsen da ke kanta, ya sake kallona.

"Ashe kusun nan zane yake ɗaurawa," ya ce.

"Malam, ba lokacin wasa ba ne."

"Kyanwar mutane na aro, Salamatou. Har addu'a na sa anka yi." Ya zauna a bakin ƙofa yana girgiza kai, na ga yana danne dariya a cikin rawani. Can ya natsu. "To mi kike jira? Tashi ki tahi."

"In na hwaɗa mata, ba ta ƙara duban idona."

"Ta ƙi duban naki tana da rai. Ɗauki takalminki."

Na ɗauka. Na ƙetare yashin arewa da la'asar, rana tana dukan ƙeyata, ina ta shirya magana ina rushewa. Na tarar da Mariya a bakin bukka tana ɗinkin wata tsohuwar jakar fata. Surukarta na kwance ciki, yaran sun tafi ɗebo icce. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa a ƙwarya. Muka yi gaisuwa irin tasu mai tsawo, ta zafi, ta gajiya, ta yara, ta raƙumi, kowace amsa lafiya lau.

Sai na fara kewaye-kewaye. Na ba ta labarin Mushe Hassane da buhunsa, kamar hira ce kawai ta kawo. Na ce gobe za a zuba guba a ramukan kusu na tsibiri, jar dawa, ƙwaya kaɗan ta isa ta kashe yaro.

"Allah shi tsare," ta ce, idonta a kan allura. "Ku masu garka sai ku yi hankali."

"Kowa dai ya yi hankali. Har masu wucewa."

"Haka ne."

Na so in tashi a nan. Na faɗa, ta ji, ba wanda ya rasa mutuncinsa. Har na gyara mayafi, sai ta ƙara magana a hankali, ba ta ɗago ba.

"Ai ramin kusu za su zuba ma. Ba kowane rami ne na kusu ba."

Na koma na zauna. Ashe za ta zo goben. Ta yarda cewa akwai rami ɗaya a tsibirin nan da ba abin da zai same ta a cikinsa, kuma saboda ni ta yarda. Tsoro ya kore mini duk wata kunya.

"Mariya, dube ni. 'Yan samariya ba su san ramina da na kusu ba. Na gindin magarya ma za su zuba. Na tambaya, an ce kowane. Kada ki je gobe, kada ki je jibi, kada ki sa hannu cikin ƙasar tsibirin nan sai na ce miki an gama. Na roƙe ki don Allah."

Allurar ta tsaya. Ta jawo gefen mayafinta ta rufe baki. Tsohuwa ta yi tari a ciki, muka jira har ta lafa.

"Tun yaushe kinka san ni ce?" na tambaya.

"Tun ranar hwarko. Kusu bai sheƙe hatsi, Tamidit. Bai tsince tsakuwa."

Na ji kamar in yi dariya, na ji kamar in yi kuka. Wata da watanni ina laɓe-laɓe bayan dabino ina jin kaina gwanar dabara, ashe tsabtata ta tona ni tun ranar farko. Ita kuma ta bar ni ina yi, don muddin ba a faɗa ba, tana iya ɗauka. Yanzu na faɗa.

Ba ta yi dariyar ba. Ta ajiye jakar, ta dubi wajen sansani.

"Akwai mata can da sunka ga ina samu. Su ma suna zuwa tono, ta gabas. Ba su jin Hausar mai shela."

"Sai a gaya musu."

"Ni zan gaya musu." Ta miƙe tsaye. "Yamma ta yi, Salamatou. Ki gai da gida."

Salamatou ta ce, ba Tamidit ba. Ta raka ni 'yan taku kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ta juya ta nufi sansani, bayanta a miƙe. Na san abin da tafiyar nan za ta ci mata. Ba yadda za ta hana mata tonon rami ba tare da ta ce ita ma tana tonawa ba.

Aikin guba ya tafi yadda aka tsara. 'Yan samariya suka bi ramuka da cokula masu dogon hannu, mu masu garka muna nuna musu. Da suka zo gindin magarya na tsaya na ga sun zuba, na kau da kai. Daga nan sai wari da shebur da binnewa. Maigidana ya ɗaure hanci da rawani yana kwasa yana yi wa gawarwakin wa'azi. Ni kuwa kullum da tsakar rana ba na kwanciya, sai in zauna ƙarshen garka ta arewa ina duban yashi. Ba sawun kowa, sai na ƙadangare.

Ranar da Mushe Hassane ya zo ya sa aka kwashe ragowar dawar aka toshe ramuka, ya ce mini ko akuya ba a rasa ba.

"Wata mata ce ta taimake mu, Madam. An ce bukka-bukka ta bi tana magana da Tamajak, yaren Abzinawa, har da waɗanda shela ba ta kai ma ba. Na so in yi mata godiya, sun ƙi nuna mini ita."

"Ka bar ta, Mushe. Godiyar ta isa."

Aka buɗe tsibiri. Muka sake shuka, iri ya kwana a ƙasa ba wanda ya taɓa shi, ya tsiro kore shar. Yara suka dawo da hayaniyarsu, kaji suka dawo da ɓarnarsu. Kowa na murna, ni ma ina yi, amma rabi. Ban ga Mariya a kasuwa ba, ban gan ta a hanya ba. Na hango bukkarta tana nan bayan ƙaya, wannan kaɗai ya riƙe ni. Sau da yawa na auna tiyar hatsi in tsaya da ita a hannu, in rasa inda zan kai ta, in mayar cikin randa. Na san abin da rabon sansani ke kaiwa, na san bakuna nawa ke cikin bukkar nan. Maigidana ya ce in ba ta lokaci. Na ce masa ciki ba ya jiran lokaci, muka ɗan yi cacar baki a kan haka, shi ya ƙyale ni don ya san ba da shi nake ba.

Wata rana bayan azahar muna zaune a inuwar bukka, shi yana gyaran igiyar guga, ni ina yankan albasa, maƙwabcinmu Idi ya zo aron fartanya ya zauna surutu. Sai muka ji sallama. Mariya ce, ta hanyar kudu ta shigo, hanyar kowa da kowa. Ta rame. A hannunta akwai akushi na icce, baƙi, wanda da take kawo mini man shanu a ciki.

Idi ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna. Ta gai da maigidana, ta gai da Idi, ta zauna kusa da ni a ƙasa. Aka yi gaisuwar zafi da ta gajiya. Sai na zo kan tambayar gida.

"Ina mutanen gida?"

Ba ta ce lafiya lau ba. Ta ajiye akushin a tsakaninmu, ba komai a ciki, ta bar mayafinta inda yake ba ta ja shi kan baki ba.

"Tamidit, yau ba mu da komi."

Ban taɓa jin magana mai ciwo da ta faranta mini rai kamar wannan ba. Idi ya sunkuyar da kai yana duban fartanya kamar yau ya fara ganin irinta. Maigidana ya tashi ba wanda ya ce masa, ya shiga ciki, na ji ya sauke dutsen daga kan randa. Na ɗauki akushin na bi shi, hawaye na zuba, ina ɗora wa albasa laifi. Na cika shi har ya yi tozo, na fito na miƙa mata, hannu da hannu.

Ta karɓa ta ɗora a cinya. Ba ta tashi ba. Ta jawo tiren albasar gabanta, ta miƙo hannu in ba ta wuƙa.